CIWON SUKARIN IYAYE DA LAFIYAR ZUCIYAR 'YA'YANSU

Jawabi ga jama'ar Wuro Hausa, da na Yola da Jimeta, da sauran jama'ar ƙasa baki ɗaya

 

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga waɗansu mutane da ba a cika tunawa da su ba in ana zancen ciwon sukari. Masu ciwon dai da yawansu sun riga sun san hanyar asibiti. Waɗanda ake nufi a nan su ne 'ya'yansu, watau saurayin da yakan rako mahaifinsa awon jini ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, da budurwar da takan dama wa mahaifiyarta kunu ba sukari, sa'an nan ta zuba cokali uku a nata. A ganin waɗannan matasa ciwon na tsofaffi ne, su kuwa 'yan rakiya ne kawai. Binciken likitoci na shekaru masu yawa ya nuna al'amarin ba haka yake ba. Ɗan mai ciwon sukari ya fi tsaransa kusa da ciwon, kuma lahanin da ke kai mutum ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki yakan soma a jijiyoyinsa tun yana jin kansa garau.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Na farko shi ne wanda jiki yakan daina yin insulin ɗungum, yawanci tun ƙuruciya, mai shi kuwa ba ya rayuwa sai da allura. Na biyu shi ne wanda ya fi yawa ƙwarai, gama cikin masu ciwon goma, tara shi ke gare su, shi ne kuma ya fi bin zuriya. Zancen yau a kansa yake. Insulin wani sinadari ne da wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi take zubawa cikin jini, aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A jikin mai shirin kamuwa da iri na biyu, tsoka da hanta sukan yi taurin kai, ba sa jin insulin sai an ninka musu. Gaɓar nan sai ta yi ta ninkawa shekara da shekaru. Duk wannan lokaci in an auna sukarin jini za a same shi daidai, ko ya ɗan ɗaga kaɗan. Amma tare da wannan taurin kai na jiki, jini yakan soma hawa, maiƙon da ke yawo cikin jini yakan ƙaru, kitse kuma ya taru a ciki. Sai ranar da gaɓar ta gaji sa'an nan sukari ya hau, a ce wane ya kamu da ciwo. Alhali kuwa ɓarnar ta daɗe da somawa.

Mutumin Jimeta ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A da, jiragen ruwa na kamfanonin ciniki sukan hauro Binuwai da damina har su tsaya a Jimeta. Yashin da ya cike kogin ba rana ɗaya ya taru ba, ba kuma wanda zai iya nuna ranar da ya fara. Haka maiƙo ke kwanciya a bangon jijiyar jini, kaɗan-kaɗan, ba zafi ba zazzaɓi, har hanya ta ƙuntata. In jijiyar da ta toshe ta zuciya ce, sai bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki.

Yaushe wannan kwanciyar maiƙo take somawa? A shekarar 1953 likitocin sojan Amurka suka ba da rahoton binciken da suka yi wa gawawwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya. Samari ne ƙarfafa, matsakaicin shekarunsu 22. Aka tarar fiye da kashi uku cikin huɗu suna da alamar lalacewar jijiyoyin zuciya, daga mai kaɗan har mai yawa. Bayan haka, tun farkon shekarun 1970, wani likita mai suna Gerald Berenson ya soma bin lafiyar yaran wani ƙaramin gari da ake kira Bogalusa a Jihar Luwiziyana, Turawa da baƙaƙen fata, ana auna su tun suna makaranta har suka girma. A 1998 aka buga abin da aka gani a jijiyoyin mutum 204 masu shekara 2 zuwa 39 da suka mutu, yawancinsu ta hanyar haɗari ko kisa. Waɗanda aka san suna da ƙiba, da hawan jini, da yawan maiƙo a jini, su ne jijiyoyinsu suka fi lalacewa, kuma gwargwadon yawan waɗannan abubuwa a jikin mutum ɗaya, gwargwadon ɓarnar. Daga binciken wannan gari ne kuma aka ga cewa 'ya'yan masu ciwon sukari sukan fi tsararsu kitse tun suna yara, kuma suna shiga balaga bambancin sukari da insulin na jininsu yake ƙara fitowa.

Game da gado kuwa, binciken garin Firamingham na Amurka, wanda aka soma a 1948 aka kuma ɗora da 'ya'yan mutanen farko a 1971, ya ba da lissafi a shekarar 2000. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon sukari, haɗarin kamuwarsa ya ninka na ɗan masu lafiya wajen sau uku da rabi. Wanda duka biyun ke da shi, wajen sau shida. Wannan ya isa abin lura a wuraren da auren zumunci ya yi yawa, kamar yadda yake a tsakanin Fulani da Hausawa, gama in ciwon yana cikin dangi, yaro yana iya ɗebo shi ta ɓangare biyu. Ba kushe auren zumunci ake yi ba. Abin da ake so shi ne iyalin su san inda suke.

Amma kada a ɗauka jini kaɗai ake gada. Ana gadon tukunya ma. Yaron da ya tashi ya tarar ana cika faranti da farar shinkafa da mai, ana shan shayi mai kauri da sukari safe da yamma, shi ma haka zai koya, haka kuma zai koya wa nasa. Akwai kuma gado na uku, wanda ya shafi mata musamman. Mace mai ciki in sukarinta ya hau, yakan ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, jikin jaririn ya saba da yawan insulin tun bai fito duniya ba. A tsakanin ƙabilar Pima ta Arizona an gwada 'yan uwa ciki ɗaya, aka tarar waɗanda aka haifa bayan uwar ta kamu da ciwon sun fi yayyensu kamuwa da shi nesa ba kusa ba, alhali uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka jaririn da aka haifa ƙato, fiye da kilo 4, ko da yake abin murna ne ga kakanni, dalili ne na a auna uwar bayan jego, a kuma sa ido ga yaron yayin da yake girma.

Mai sauraro zai iya cewa wannan duk labarin Amurka ne. To, ga na gida. Binciken ƙasa na cututtukan da ba a ɗauka daga wani, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sa aka yi a 1992 ƙarƙashin Farfesa Oladipo Akinkugbe, ya sami ciwon sukari a jikin kashi 2.2 cikin ɗari na manya. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka sami kusan kashi 5.8 cikin ɗari. Yankin Arewa maso Gabas, inda Adamawa take, ya tashi da kashi 5.9, watau kusan ninki biyu na Arewa maso Yamma mai kashi 3. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuwa ba su sani ba. Ma'anar wannan ita ce akwai matasa da yawa 'ya'yan masu ciwon sukari waɗanda iyayen kansu ba su san suna da shi ba.

Wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya ba da sakamako a 2018. Hawan jini shi ne kan gaba cikin musabbabai, yawan maiƙo a jini da ciwon sukari da ƙibar ciki suna biye. Kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda ciwon ya buge bai kai shekara 50 ba. Wannan shi ne magidanci mai ƙananan yara, mai kuɗin makaranta a wuya, wanda sau da yawa shi ke saya wa tsohon nasa magani. In ya kwanta, gida biyu ne suka kwanta.

Saurin kamuwa yana ƙara munin ciwon. An daɗe ana zaton yaro ƙarfinsa zai kare shi, sai aka ga akasin haka. A Amurka an bi waɗansu matasa wajen 500 da ciwon sukari iri na biyu ya kama tun suna 'yan shekara goma sha. Rahoton 2021 ya nuna a lokacin da matsakaicin shekarunsu ya kai 26, biyu cikin uku sun sami hawan jini, fiye da rabi kuma ƙodarsu ta taɓu. Wani lissafi da aka buga a 2023, daga bayanan ƙasashe masu arziki, ya nuna wanda aka gano ciwon a jikinsa yana ɗan shekara 30 yakan yi asarar wajen shekara 14 na rayuwa, na 40 wajen 10, na 50 wajen 6. Ajali na Allah ne, ba mai jayayya da wannan. Amma lissafin yana nuna cewa ko jinkirta ciwon kawai aka yi da shekara goma, an ci riba babba.

Jinkirtawa kuwa tana yiwuwa, hanawa ma tana yiwuwa. A 1986, a birnin Daqing na ƙasar Sin, aka ɗauki mutum 577 da sukarinsu ya soma ɗagawa amma bai kai ciwo ba. Aka koya wa waɗansu gyaran abinci da motsa jiki har shekara shida, aka bar waɗansu da shawara ta yau da kullum. Bayan shekara talatin aka koma aka duba. Waɗanda aka koya wa sun fi jinkirin kamuwa, mutuwa ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyi kuma ta ragu a cikinsu da wajen kashi ɗaya cikin uku. A Amurka, gwajin da aka yi da mutum 3,234 aka bayyana a 2002 ya nuna rage nauyi kaɗan, wajen kilo 7 cikin kowane 100, tare da tafiya ta minti 150 a mako, ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Ƙwayar metformin ta rage da kashi 31. Watau ƙafa da faranti sun fi ƙwaya aiki.

Abu na farko da ake bukata a hannun iyaye yake, shi ne kuma ya fi wuya. A ƙasar Adamawa kunya da kawaici abin yabo ne, dattijo ba ya son a ji kukansa, balle a gaban 'ya'yansa. Akwai gidajen da uba yake shan magani shekara biyar yana ɓoye kwalin a aljihun babbar riga, 'ya'ya suna zaton na ciwon baya ne. Akwai kuma uwar da take tsoron in an ji za a guji auren 'ya'yanta. Wannan ɓoyo yana hana yaro sanin abin da likita zai fara tambayarsa. Ciwon sukari ba abin kunya ba ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ba sammu ba ne. Wajibi ne mai shi ya tara 'ya'yansa ya gaya musu sunan ciwon, da shekarun da yake da su sa'ad da aka gano shi, da kuma ko akwai wani a dangi da ya faɗi farat ɗaya ko ɓarin jikinsa ya shanye tun bai tsufa ba.

Sai awo. Ba abu ne mai tsada ba, ba kuma sai an je babban asibiti ba, ko da yake Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ce, da Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta suna nan domin wanda aka tura. Ana soma awon hawan jini: in ya kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, hawan jini ne, ko da mutum ɗan shekara ashirin ne. Awon sukari da safe ake yi kafin a ci kome, bayan awa takwas ba abinci. In ya kai 7.0, ko 126 a na'urar da ke ƙirga da ɗaya ma'aunin, aka kuma tabbatar da awo na biyu, ciwo ne. Tsakanin 6.1 da 6.9, ko 110 zuwa 125, gargaɗi ne, kuma nan ne gyara ya fi amfani. Akwai wani awo da ake kira HbA1c mai nuna halin sukari na wajen wata uku, amma mai sikila ya gaya wa likita tukuna, domin awon yakan yi kuskure a jininsa. Likita yana iya ƙarawa da awon maiƙon jini da na fitsari saboda ƙoda.

Akwai awon da ba ya bukatar ko sisi. A sami zare a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka zaren biyu, a zagaya shi a ciki daidai wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya wuce kima. Iyaye mata kuma su duba ƙeyar yaro da hammatarsa. In fatar wurin ta yi baƙi ta yi kauri kamar karammiski, kada a ce dauɗa ce a yi ta dirza da soso, sau da yawa alama ce ta jikin da ya soma ƙin jin insulin. Yaro mai ƙiba wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, shawarar likitoci ita ce a soma auna shi daga shekara 10 ko farkon balaga, in an sami lafiya a maimaita aƙalla bayan kowace shekara uku. Siriri ma bai tsira ba, gama a Afirka ana samun ciwon a jikin marasa ƙiba. Yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama ba dalili, kada a ɗora wa zafin Yola na watan Maris da Afrilu, a je a auna.

Game da abinci, kuskuren da aka fi yi shi ne tukunya biyu: ta mai ciwo dabam, ta gida dabam. Abincin da aka ce mai ciwon sukari ya ci shi ne ya dace da 'ya'yansa. Ba kuwa baƙon abinci ba ne. Tuwon dawa da na gero, da wake, da acca, da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, da kwaɗon zogale da rama, da kifin Binuwai da na Tafkin Geriyo, da kindirmo ba sukari, su kakanni suka rayu a kai. A rage tudun tuwo da shinkafa, a ƙara ganye da wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya, a ciki har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da kilishi. Daddawa tana rage bukatar magi. Sukari kuwa kada ya wuce ƙananan cokula 12 a yini, rabin haka ya fi, alhali kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan adadi duka. Saboda haka ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari. Amma haraji ba ya shiga kicin. Zoɓo da kunun zaƙi da fura da ake haɗawa a gida, da shayin da samari ke dafawa a majalisa suna zagayawa da shi har dare, in an cika musu sukari ba su da bambanci da lemon kwalba. Da azumi ma a lura, kada buɗa baki ya zama ramuwar gayya.

Motsa jiki ya ragu ba tare da an ankara ba. Tafiyar da a da ake yi da ƙafa daga Wuro Hausa zuwa kasuwar Yola ko makaranta, yanzu Keke Napep ake tarewa. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar awa ɗaya ta guje-guje kowace rana, babba kuwa minti 150 a mako, watau rabin awa kwana biyar, tafiya mai sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗaga. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya fi dacewa saboda rana. 'Yan mata su aka fi tauyewa a nan, gama da zarar yarinya ta tasa sai a hana ta wasa. Tsakar gida ta isa tsallen igiya, makarantu kuma kada su mai da lokacin wasanni na maza kaɗai.

Abu biyu ne ya kamata ɗan mai ciwon sukari ya nisanta ɗungum. Na ɗaya taba, ko sigari ko shisha, domin hayaƙi yana cin bangon jijiya kai tsaye, ruwan da ke cikin tulun shisha kuwa ba ya tace gubar. Dokar Hana Yaɗuwar Taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, mai shago ya sani. Na biyu ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda 'yan mata ke sha gab da aure don a ce amarya ta yi kyau. Da yawansu akwai maganin da likitoci ke bayarwa domin asma da kumburi, wanda in an daɗe ana sha yakan tayar da sukari da hawan jini, ya kumbura fuska da ciki. Ga yarinyar da uwarta ke da ciwon sukari, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, gama yankewar gaba ɗaya ma haɗari ce, ta je likita ya rage mata a hankali.

Wanda aka auna aka ce ya soma shan maganin hawan jini ko na sukari, ya sha, kada ya ce shi yaro ne, kada kuma ya daina don ya ji sauƙi ko don wani mai tallan magani a mota ya yi masa alkawarin warkewa cikin mako. Mace mai ciki 'yar mai ciwon sukari ta faɗi haka ranar da ta fara zuwa awo, domin a duba sukarinta da wuri, a sake dubawa tsakanin mako na 24 da na 28.

A ƙarshe akwai alamun da ba a jira da su. In bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse tare da gumi da sarƙewar numfashi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take, ko da ɗan shekara talatin ne, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko magani a baki, domin yana iya shaƙewa. A yi masa addu'a a kan hanya. A lura da lokacin da abin ya fara a gaya wa likita, a kuma tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha.